Ƙauyen manoma a kudancin jahar Maraɗi: daga shuka zuwa rumbu

Mai karatu, idan a ƙauye aka haife ka, mafi yawan abin da ke cikin wannan shafi ka riga ka san shi, domin ka riƙe hauya tun kafin ka riƙe alƙalami. Nufinmu shi ne mu ajiye maka shi a rubuce, mu haɗa shi da lissafi da dokokin ƙasa, don ka ga ta inda gida yake samun ƙarfi da ta inda yake zubar da shi. Mun ɗauki misalin ƙananan ƙauyukan da ke kan jigawa a kudancin jahar Maraɗi, wato wajajen Agye, Tasawa, Gazawa, Gidan Rumji da Madarumfa. Mutumin Matamaye ko na Madawa zai gane ƙauyensu a ciki, ko da sunayen wasu abubuwa sun bambanta.

Gari da mutanensa

Ka lura da sunayen ƙauyukan da ke kewaye da ku: Gidan wane, Garin wane, Rijiyar wane. Sunan wanda ya fara saran daji ne, ya haƙa rijiya, ya kira ƴan'uwansa. Da yawa daga cikin ƙauyukan jigawa ba su daɗe ƙwarai ba. A zamanin yaƙe-yaƙe mutane sun taru ne kusa da birane masu ganuwa irin su Maraɗi da Tibiri, a bakin gulbi. Sai bayan shekara ta 1900, da hare-hare suka lafa, iyalai suka bazu cikin daji suna kafa garuruwa. Shi ya sa har yanzu sarautar maigari takan zauna a zuriyar wanda ya kafa gari, kuma gonakin da suka fi kusa da gari sukan kasance nasu.

Maigari shi ne ke karɓar baƙi, ya tara haraji, ya sasanta ƙananan rigingimu, abin da ya fi ƙarfinsa ya miƙa wa sarkin ƙasa. Liman yana jan salla, yana ɗaura aure, yana raɗa suna, kuma shi ake kira ranar rabon gado. Akwai maƙeri, da wanzami, da ungozoma, a wasu wurare da sarkin noma. Da salloli biyar ake auna yini: a fita gona bayan asuba, a sha fura da hantsi, a taso wajen azahar ko la'asar. Da magariba yara su kewaye wutar makarantar allo. Rumbuna kuwa sau da yawa a bayan gari ake jera su, nesa da murhu, saboda tsoron gobara.

Abin da ya fi canza ƙauye a zamaninmu shi ne yawan jama'a. Ƙidayar 2001 ta samu mutum wajen miliyan 2 da dubu 200 a jahar Maraɗi. Ƙidayar 2012 ta samu miliyan 3 da dubu 400. Mutane sun ƙaru, ƙasa kuwa tana nan yadda take. Kakanninmu sukan bar gona ta huta shekaru, ta zama saura, kafin su dawo mata. Yau a kudancin jahar da wuya ka ga saura. Ka riƙe wannan a ranka, domin duk abin da za mu faɗa nan gaba yana rataye da shi.

Damana

Ruwan da ke sauka a wannan yanki yakan kama daga milimita 400 zuwa 600 a shekara, kuma kusan dukkansa tsakanin watan Yuni da watan Satumba yake zuwa. Cikin waɗannan watanni huɗu ake neman abincin watanni goma sha biyu.

Tun bazara ake sharar gona da kai taki. Idan ruwan shuka ya sauka, ya jiƙa ƙasa sosai, gari duka yakan fita: magidanci a gaba yana sara da sungumi, mata da yara a baya suna zuba iri suna rufewa da ƙafa. Wasu sukan yi binne, wato su shuka a busasshiyar ƙasa su jira ruwa. Binne yana sa hatsi ya riga ciyawa tashi, amma idan yayyafi kawai aka yi, iri ya tsira ya ƙone, sai an sake. Saboda haka kada ka zuba irinka duka a shuka ta farko. Ka rage wanda za ka yi ƙari da shi.

Hatsi shi ne uban gona. Ana haɗa shi da wake, da dawa a inda ƙasa take da ɗan nauyi, da gujiya, da riɗi, da yakuwa a gefen gona. A wajajen Agye da Gazawa aya ta zama babban abin sayarwa. Wannan haɗe-haɗe dubara ce ta tun kakanni: idan ɗaya ya ƙi, ɗaya ya yi, kuma wake da gujiya suna ƙara wa ƙasa ƙarfi ta saiwarsu. Game da iri, zango yana da dogon kai, manoma suna son sa, amma yana buƙatar damana mai tsawo. Irin da ake kira HKP, wanda masu binciken aikin gona na ƙasa suka gyara, yana nuna da wuri. Manomi mai hangen nesa yakan raba gonarsa tsakanin mai sauri da mai jinkiri.

Bayan shuka sai noman farko, da cira, wato rage tsiro a bar uku ko makamancin haka a kowane rami, sa'an nan maimai. A nan ne ake gane gidan da ke da hannuwa da wanda ba shi da su. Ciyawa ba ta jiran kowa. Wanda ya makara da noman farko da mako biyu ya riga ya rage damensa. Abin baƙin ciki shi ne, a daidai wannan lokaci ne rumbun talaka yake ƙarewa. Sai ya bar gonarsa ya tafi ƙwadago a gonar mai hali don ya samo tiyar da za a ci a daren nan, tasa gonar kuwa ciyawa ta cinye ta. Baɗi kuma ya sake samun kaɗan. Wannan shi ne zagayen da ke riƙe gidaje da yawa cikin talauci, kuma ba lalaci ne ya kawo shi ba. Gayya, wadda a dā take ceton irin wannan gida, ta ragu, domin ita ma sai da abincin da za a ba masu aiki.

Idan kuɗin buhun takin zamani ya fi ƙarfinka, akwai hanyar sa shi kaɗan-kaɗan a ramin shuka maimakon watsawa: giram 6 na takin da aka rubuta wa 15-15-15, ko giram 2 na DAP, a kowane rami. Abin da yatsu uku za su tsinto ke nan, ko ɗan fiye. Kada takin ya taɓa irin kai tsaye. Kuma ka sani takin zamani ba ya maye gurbin takin dabbobi da tokar gida. Gonar da ƙuduji ya cika tana faɗa maka ne cewa ta gaji. Ka tuge shi tun bai yi fure ba, domin kowane tushe yana zubar da dubban ƙwayoyi da za su daɗe a ƙasa suna jira.

Watan Agusta shi ne watan da gona take kore, ciki kuwa yake wofi. Mata sukan shiga daji neman tafasa, da yaɗiya, da jiga, a yi kwaɗo. A mummunar shekara har anza ake jiƙawa kwanaki ana zubar da ruwan ɗaci kafin a ci. Shi ne kuma lokacin sauro da zazzaɓin cizonsa. Tun daga 2013 aka fara raba wa yara ƴan wata 3 zuwa shekara 5 maganin rigakafin wannan zazzaɓi sau ɗaya a kowane wata na damana. Ma'aikaci yana ba da na ranar farko, na kwana biyun da ke biye a hannun uwa yake. Idan ba a cika kwana ukun ba, an yi aikin banza.

Itatuwan cikin gona

Tsofaffi suna tuna yunwar 1973 da 1974, da ta 1984 wadda a nan ake kira El Buhari. Matasa sun ga ta 2005, wadda ta biyo bayan fari da farar ɗango na 2004. A shekarun 1980 gonakin Maraɗi sun zama fili fetal, iska tana binne tsiro da rairayi. A wancan lokaci ana ganin manomin kirki shi ne wanda ya share gonarsa ƙal, ba ko kututture.

Daga 1983 wani ma'aikacin gona ɗan ƙasar Ostireliya, Tony Rinaudo, tare da manoman yankin, suka shiga yaɗa abin da yanzu ake kira sassaben zamani. Ba dashe ba ne. Kututturen da ke cikin gonarka yana da rai, kowace shekara yana tohowa kana sarewa. Sai ka zaɓi rassa biyu zuwa biyar mafiya ƙarfi ka bari, ka datse sauran, ka riƙa yi musu aski suna miƙewa. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya an farfaɗo da hekta wajen miliyan 5 a kudancin Nijar, da itatuwa kusan miliyan 200. Gawo ne sarkinsu, domin da damana yake zubar da ganye, ba ya yi wa hatsi inuwa, da rani kuma ya ba dabbobi ƴaƴa. Duk wanda ya dubi hatsin da ke gindin gawo ya san bambancin. Kalgo, sabara, aduwa da magarya su ma suna da ranarsu. Wata dokar gwamnati ta 2020 ta amince da haƙƙin manomi a kan itacen da ya raina a gonarsa. Kafin ka sare babban itace dai, ka tuntuɓi ma'aikacin gandun daji, domin gawo yana cikin itatuwan da doka ta kare.

Kaka da lissafin rumbu

A nan muke so ka buɗe littafinka na rubutu.

Da kaka ana yanke kan hatsi, a ɗaure dame, a fitar da zakka. Amfanin da ruwan sama ya shayar, idan ya kai nisabi, zakkarsa ɗaya cikin goma ce, shi ya sa manoma suke ware dame ɗaya daga kowane goma. Liman zai bayyana maka nisabi da ma'aunin garinku. Bayan zakka sai biyan bashin damana, sai haraji, sai tufafin yara, sai bukukuwan aure da aka jinkirta zuwa kaka. Kowa yana buƙatar kuɗi a lokaci guda, kowa yana kai hatsi kasuwa a lokaci guda, farashi ya faɗi. Ƴan kasuwa su saya su tara. Watanni bakwai ko takwas bayan haka, manomin da ya sayar ya dawo yana sayen hatsin nan da tsada. Ba laifin ɗan kasuwa kaɗai ba ne, sana'arsa ke nan. Amma gidan da bai san adadin abin da yake ci ba, shi ne ya fi saurin faɗawa wannan rami.

Ga yadda za ka lissafa. Tiya ɗaya ta hatsi kilo 2 da rabi ce, kusan. Buhu mai kilo 100 tiya 40 ke nan. Ma'aikatan gona a Nijar sukan ɗauka cewa mutum ɗaya yana buƙatar wajen kilo 230 na hatsi a shekara, idan aka haɗa manya da yara. Gida mai mutum 10 yana buƙatar kilo 2,300, wato buhu 23, wato tiya 920. Girman dame ya bambanta daga gari zuwa gari, har daga hannu zuwa hannu. Don haka ka ɗauki dame uku daga naka, a sussuke, a auna, ka raba gida uku. A misali, idan dame ɗaya ya ba ka tiya 5, sai ka raba 920 da 5: gidanka yana buƙatar dame 184. Idan 120 ka samu bayan zakka, ka san tun watan Nuwamba cewa abincinka na wata takwas ne ba cikakku ba, kuma zai ƙare ana tsakar noma. Sanin wannan da wuri ya fi saninsa ranar da mai ɗakinka ta ce rumbu ya yi ƙasa. Da shi za ka yanke shawarar wanda zai tafi cin rani, da ragon da za a turke, da bikin da za a rage masa kashe kuɗi.

Ka fi son sayar da wake, gujiya, riɗi ko aya, ka bar hatsi a rumbu. Wake kuwa ba sai ka yi gaggawar rabuwa da shi don tsoron ƙwari ba. Tun wajen 2007 aka fara yaɗa buhun PICS mai ninki uku: leda biyu a ciki, buhu a waje. Idan waken ya bushe sosai, aka matse iska, aka ɗaure kowane ninki daban, ƙwarin sukan mutu ba tare da magani ba. Leda mai huda ko ɗaya ba ta da amfani, kuma ɓera ne babban abokin gabarta.

Wasu ƙauyuka suna da bankin cimaka, inda ake sayen hatsi da kaka a sayar wa ƴan gari da rahusa da damana. Wasu ƙungiyoyin manoma suna jinginar da amfani: a zuba buhuna a sito mai kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun asusun bashi, a karɓi rance a yi sana'ar rani, a biya, a fitar da amfanin lokacin da ya yi daraja. An fara wannan a Nijar a ƙarshen shekarun 1990. Mun ga bankunan cimaka da yawa sun mutu, kuma kusan kullum dalili ɗaya ne: an ba da bashi don kunya, ba a rubuta ba, ko kuwa mutum ɗaya ne kawai a kwamiti ya iya karanta littafin. Inda mutum biyar suka iya duba lissafi, hannu yakan ji nauyin shiga.

Rani

Da an kai amfani gida, samari da magidanta da yawa sukan tafi cin rani: Maraɗi, Yamai, Katsina, Kano, Legas, wasu har Libiya da Aljeriya. Bakin da ya tafi ya rage wa rumbu nauyi, kuma kuɗin da ya aiko ta wayar salula yana sayen tiya. Amma hanya ba ta da tabbas. Najeriya ta rufe iyakarta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, an sake rufewa a 2023 har zuwa Maris 2024, kuma kowane karo ƙauyukan bakin iyaka sun ji a jikinsu. Masu fadama ko rijiya marar zurfi, kamar a kwarin Gulbin Maraɗi, suna noman rani: tumatir, albasa, kabeji, zogale.

Ke mai karatu

Kin san cewa ranarki ta fi ta kowa tsawo: sussuka, daka, ɗiban ruwa, itace, girki, ga gamanarki da kike nomawa bayan aikin gandu. Injin niƙa da fanfo sun rage wahala a inda suke. Abin da kika samu a gamana, da akuyarki, da kuɗin ƙuli-ƙuli da man gujiya, naki ne a shari'a, kuma sau da yawa su ne ke riƙe gida idan rumbun maigida ya ƙare. Jar akuyar Maraɗi ta yi suna har ƙasashen waje saboda fatarta, ga yawan haihuwar tagwaye, ga nono ga yara.

A 1991 ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a jahar Maraɗi, bisa tushen adashen da mata suka saba. Mata su taru kowane mako, kowace ta zuba abin da aka amince, a ba mai buƙata rance ta mayar da ɗan ƙari, bayan watanni a fasa asusu a raba. Daga nan tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da yawa na Afirka. Kuɗin na mata ne, ba na wani baƙo ba, shi ya sa ya daɗe.

Sai dai ƙarancin ƙasa ya fi taɓa mata. Idan gona ta yi kaɗan, gamanar mace ce ake fara karɓewa. Musulunci ya ba ɗiya rabin rabon ɗa namiji a gadon mahaifinta, ya ba matar mamaci ɗaya cikin takwas idan akwai ƴaƴa, kuma gona tana cikin dukiyar da ake rabawa. Al'adar cewa mace ba ta gadon ƙasa ba daga addini ta fito ba.

Gona da takarda

Gandun da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki goma ko fiye suke rabonsa. Ana sayarwa, ana jingina, ana aro, ana haya, yawanci da baki, gaban shaidun da wata rana za su mutu. Bayan shekara ashirin ɗan mai aro ya ce gado ne, ɗan mai gona ya ce aro ne.

Dokar tsarin karkara ta 1993 ta amince da mallakar gona ta hanyar gado da al'ada, kuma ta kafa kwamitocin kula da ƙasa. Na matakin ƙauye shi ake kira Kofob, maigari ne shugabansa, kuma ana sa wakilan manoma, makiyaya, mata da matasa a ciki. Yana ba da takardar shaidar saye, kyauta, gado, aro, haya ko jingina. Idan babu shi a garinku, ku nemi na gundumarku a ofishin magajin gari.

Waɗannan kwamitoci su ne kuma ke kula da burtali da mashayar dabbobi. Manomi da makiyayi sun daɗe suna cin moriyar juna: garke ya kwana a gona bayan girbi ya bar taki, a ba Bafulatani hatsi, a sayi nono. Da gonaki suka cinye makiyaya, zaman ya yi tsami. A watan Oktoba 1991, a Toda cikin ƙasar Gidan Rumji, rikici ya ci rayukan mutum fiye da 100, mafi yawansu mata da yaran makiyaya. Kowace shekara hukuma tana sanar da ranar sakin gonaki. Manomi ya kwashe amfaninsa kafin ranar, makiyayi kada ya shiga kafin ta. Idan dabba ta yi ɓarna, a kira maigari da kwamiti su auna, a biya. Wanda ya noma burtali ya taka doka, kamar yadda wanda ya saki garke cikin hatsi ya taka ta.

Ranar da za a rubuta maka takardar gona, ka je da maƙwabtan gonar na gabas, yamma, kudu da arewa, a zagaya iyaka da ƙafa a gabansu. Ka tabbata an rubuta irin cinikin da aka yi, domin jingina daban, sayarwa daban. Ka duba sunanka da na mahaifinka, da adadin kuɗin. A nan sai ka yi hattara: a baki da dala muke ƙirga, a takarda kuwa da tamma ake rubutawa, kuma dala ɗaya tamma 5 ce. Jika ɗaya, wato dala 200, ita ce 1,000 a rubuce. Idan an ce jika hamsin, abin da ya kamata ka gani shi ne 50,000. Takardar da Faransanci take zuwa, amma lambobi da sunaye ba su da yare, ka karanta su da kanka kafin ka sa hannu ko ka dangwala yatsa. Idan ka karɓi taka, ka naɗe ta cikin leda tare da takardun haihuwar yara, ka sa a akwatin ƙarfe inda gara da ruwan damana ba za su kai ba.